Yadda zaka haɗa intanet na kebul a sabon gida

Da farko nemo inda wayoyin intanet na ɗakunan suka haɗu, yawanci ɗan akwati ne a bangon sito. Nan zaka ajiye rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ba falo ba. Wayar da ta fito daga modem ɗin kamfani, wato na'urar da ke shigo da intanet, ka soka ta a ramin rauta da aka rubuta WAN, na ɗakuna kuma su shiga ramukan da aka rubuta LAN, in ramukan basu isa ba don galibi huɗu ne to ka sayi suwic, na'urar ƙara ramuka, mai rami 8 ka jona a ramin LAN. Sai ka ɗauki laftof ka bi ɗaki ɗaki kana jonawa kana gwadawa, wayar da ta kawo liƙa mata sunan ɗakin, wallahi zaka huta gaba. In ƙaramar fitilar ramin da ka soka wayar bata kama ba duba kan wayar da ake sokawa, wato RJ45, sau tari masu wayarin basa matse shi sosai.