Kurakuran da ɗaliban babban digiri a fiziks da ilimin taurari ke ta maimaitawa

Na gaji da ganin ɗalibi ya shigo ofishina ido ya yi ja, a kan matsalar da hirar minti goma tun farko za ta kashe. Bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya zo in tura masa.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne fara aiki ba a yi maganar sunan wa zai hau maƙala ba. Mu da aka rena da kunyar malami, gani muke tambayar rashin ladabi ce. Ni ma haka na yi. Wata goma sha ɗaya ina tace hasken wasu taurari biyu masu kewaya juna, ni na rubuta manhajar, ni na yi ta kwana a kanta. Ranar da maƙala ta fito sai na tsinci sunana can ƙasa cikin godiya, kusa da na wanda ya gyara mana firinta. Da na daure na tambaya, aka ce, "Kai ɗalibi ne, lokacinka na zuwa." Jocelyn Bell tana ɗaliba a Kambirij ta gano taurarin pulsar, masu aiko da siginar rediyo bugu-bugu a kai a kai, a 1967, kyautar Nobel ta 1974 kuwa malaminta Antony Hewish da Martin Ryle suka karɓa. Duk da haka sunanta ne na biyu a maƙalar da ta sanar da ganowar a mujallar kimiyya ta Nature a 1968, ba mai iya goge shi. Ni ko wannan ban samu ba, kuma rabin laifin nawa ne, tunda bakina na rufe.

Yanzu abin da nake sa ɗalibaina su yi, ko da ni ne malamin: bayan zaman farko su turo imel, "Malam, kamar yadda muka yi magana, ni zan yi nazarin, ni zan rubuta, sunana zai zo farko." Wasu abokan aikina suna cewa tsaurin ido ne. Su yi ta cewa.

Na biyu, wasa da ɗanyen bayanai. Ka ga ɗigo uku sun ƙi bin layin da kake so, ka share su ka adana a kan fayil ɗin asali. Wa ya aike ka? Jan Hendrik Schön, masanin fiziks a cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka, da haka ya nutse a 2002: aka ga zane iri ɗaya, har da hayaniyar na'ura iri ɗaya, a gwaje-gwaje daban-daban. Da kwamiti ya nemi asalin bayanan, sai ya ce ya goge don kwamfutarsa ta cika. Jami'ar Konstanz a Jamus ta ƙwace digirinsa a 2004. Ni fayil na asali ba na taɓa shi; kwafi uku nake ajiyewa a wuri uku, tun ranar da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona mini kwamfuta. Ɗigon da na cire kuwa, sai na rubuta dalili da kwanan wata a littafin aiki, da biro.

Kuma bayanan da suke kwamfutarka ba lallai naka ba ne. Na jami'a ne ko na tawagar da kake ciki, don haka ka nemi izini kafin ka kai su taro ko ka ɗora a arXiv, shafin intanet da masu bincike ke saka maƙalunsu kafin a buga.

Kar ka zaɓi fanni don sunansa na da daɗin faɗa, kowa baƙin rami (black hole) yake so. Duba malami da kayan aiki tukuna. In babu na'urar hangen nesa, rumbun bayanan kumbon nazarin taurari na Gaia da na TESS kyauta ne ga mai intanet. Kar ka kwafe gabatarwar tsohon kundinka ka ce ai kayanka ne. Kar ka sa sunan shugaban sashe a maƙalarka a matsayin tukuici. Mujallar da ta ce ka biya ta buga maka cikin sati guda kuwa, ko amsa imel ɗinta ba na yi.