Darasi na Bakwai: Bramley, Tuffar da Ake Dafawa

Ba kowace tuffa ake ci ɗanya ba. Akwai ta ci, akwai ta girki. A Ingila, wadda ta fi suna a wajen girki ita ce Bramley.

Asalinta daga garin Southwell ne. A 1809 wata yarinya, Mary Ann Brailsford, ta shuka ƙwayar tuffa a lambun gidansu. A 1846 wani mahauci, Matthew Bramley, ya sayi gidan. Shekara 10 bayan haka sai wani mai renon itatuwa, Henry Merryweather, ya nemi izinin yankar rassan itacen don ya yaɗa irin. Mahaucin ya yarda, da sharaɗin a sa wa tuffar sunansa. Abin takaici, sunan yarinyar da ta shuka bai shiga ba.

Gane ta ba wuya. Ƙatuwa ce, faɗinta ya fi tsayinta. Ɓawonta kore ne, wani lokaci da ɗan ja a gefen da rana ke bugawa. In kuka gatsa ta ɗanya, tsami zai kashe muku haƙora.

To, tsamin nan shi ne darajarta. Tuffa mai zaƙi in ta sha wuta, sau da yawa sai ta yi salam. Ita kuwa Bramley ɗanɗanonta ba ya gudu, kuma nan da nan take narkewa ta yi laushi tuɓus. Saboda haka in kuna son yanka-yankan su tsaya da siffarsu bayan dahuwa, ku nemi wani irin.

Ga yadda ake dafa ta. A fere, a cire ƙwayayen da ƙullin tsakiya, a yayyanka. A zuba a tukunya da ruwa kaɗan, don ita ma tana fitar da nata. A rufe, a rage wuta, a riƙa juyawa har ta narke. Sukari sai a ƙarshe, kaɗan-kaɗan, ana ɗanɗanawa. Wanda ya cika sukari ya kashe abin da aka saye ta dominsa.

Itacenta sai ƙasa mai sanyin hunturu. Ƙurar furenta ba ta da amfani wajen barbara, wato sa fure ya zama ɗan itace, shi ya sa manoma ke dasa wasu irin tuffa biyu kusa da ita, masu yin fure lokaci ɗaya, don su barbare ta su kuma barbari juna.

Aiki: Ku rubuta alamu biyu da ake gane Bramley da su. Me ya sa ake jinkirta zuba sukari?