Baƙin shayi ko kore: bayani ga sabon zuwa Legas

Wanda ya sauka Legas a karon farko, ko Agege ne masaukinsa ko Mile 12 ko Idi-Araba, yawanci a teburin mai shayi zai fara jin Hausa, a nan kuma zai riƙa karya kumallo da burodi da ƙwai. Sai dai ya sani cewa a gidajen 'yan gari, idan aka ce za a kawo masa "ti", sau da yawa Milo ko Bournvita ake nufi, waɗanda ba su haɗa komai da ganyen shayi ba.

Baƙin shayi irin Lipton da koren shayi duk ganyen itace ɗaya ne, wanda ake nomawa har a tsaunin Mambila na jihar Taraba. Wajen sarrafawa suka rabu: baƙin ana barin sa ya sha iska har ya yi duhu, koren kuwa ana turara shi ko a gasa shi da zarar an tsinko, shi ya sa ya fi riƙe sinadaran katekin da ake danganta su da lafiyar zuciya. Baƙin ma yana da nasa masu amfani, kuma ya fi yawan kafeyin, sinadarin da ke hana barci, kusan miligiram 45 a kofi, inda koren ke da wajen 30.

A ganina tazarar amfanin da ke tsakanin baƙin da koren ba ta kai yadda masu tallan shayin rage ƙiba ke zuzutawa ba. Abin da ake zubawa a kofin ya fi nau'in ganyen tasiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi kyau sukarin da mutum ke sha a yini kada ya wuce giram 25, wato ƙaramin cokali shida, alhali kofi ɗaya na mai shayi yana iya cinye rabin wannan. Atayar da 'yan'uwanmu Buzaye masu gadi ke dafawa koren ganye ce, amma doguwar tafasa da tulin sukari sun sa ba a lissafa ta cikin shayi mai sauƙi, kuma mai son barci ya guje ta bayan isha'i.

Duka biyun suna rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci irin wake da alayyaho, don haka mai ƙarancin jini da mai juna biyu su ba da tazarar awa guda tsakanin cin abinci da shayi. Mai sammakon kama motar zuwa aiki kuma ya bari shayin ya ɗan huce, domin yawan shan abin da zafinsa ya haura digiri 65 a ma'aunin Celsius yana cutar da maƙoshi.