Yadda nake gwada OpenWrt a cikin laftop kafin in taɓa rauta

Na taɓa kashe rauta da hannuna. Ina tsakiyar ɗora mata OpenWrt aka ɗauke wuta, daga ranar ba ta ƙara tashi ba. Shi ya sa yanzu duk abin da zan gwada, a laftop nake fara shi. OpenWrt ai Linux ne da ake ɗora wa rauta. A kan rautar Linksys WRT54G aka faro shi a 2004, amma akwai nau'insa da ke aiki a kwamfuta. Ni Ubuntu gare ni, mai Windows ma hanyar ɗaya ce muddin ya sa VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar injin kwaikwayo a cikin kwamfuta.

Sauke fayil ɗin x86/64 na sigar 23.05, wanda sunansa ya ƙare da generic-ext4-combined.img.gz. Kada ka ɗauki snapshot, sigar gwaji ce, ba ta zuwa da LuCI, wato shafin da ake yin saiti a burauza. Warware fayil ɗin da gunzip, ka taƙaita sunan, sannan ka juya shi ya zama faifan da VirtualBox ke karantawa:

VBoxManage convertfromraw --format VDI openwrt.img openwrt.vdi

A cikin VirtualBox, ƙirƙiri sabon inji na Linux 64-bit, ka ba shi RAM 256 MB, ya ishe shi har da ragi, ka jona masa faifan.

Wurin katin sadarwa ne ake yin tuntuɓe. OpenWrt yana ɗaukar kati na farko, eth0, a matsayin LAN, wato ɓangaren cikin gida, na biyu kuma, eth1, shi ne WAN, ta inda intanet ke shigowa. To, a saitin VirtualBox, na farko ka sa shi Host-only, mai haɗa injin da laftop kaɗai, na biyu NAT, mai ba shi intanet ta laftop. Ni karon farko Bridged na sa na farkon, wanda ke jona injin kai tsaye da sadarwar gida, sai manhajar dnsmasq da ke cikin injin ta kama raba wa wayoyin gida adireshi, intanet ya tsaya wa kowa. Har maiɗakina ta leƙo tana tambaya ko data ce ta ƙare.

Idan injin ya tashi, danna Enter. Adireshinsa na asali 192.168.1.1 ne, Host-only kuwa yawanci 192.168.56.1, don haka ba za su ga juna ba sai ka gyara:

uci set network.lan.ipaddr='192.168.56.2'
uci commit network
reboot

Buɗe burauza ka shiga 192.168.56.2 da sunan root. Babu kalmar sirri tukuna, ka sa ta nan take.

Wi-Fi dai kada ka sa rai. Injin yana ganin kowane kati kamar na kebul ne, sai in ka sayi ɗan Wi-Fi na USB ka miƙa masa shi kai tsaye, ka kuma girka masa direbansa da opkg, manhajar girka abubuwa a OpenWrt 23.05.