Darasi na 9: Lanƙwasa katakon kujera da tururi

Kafintocinmu na Garwa da Marwa sun saba yanko bayan kujera da zarto daga faffaɗan katako. Ɓarnar katako ke nan, kuma inda zarto ya ratsa jijiyar itace, nan kujera ke karyewa. Idan lanƙwasa katakon aka yi, jijiyar na bin gwiwar ba tsinkewa.

Wani kafinta Bajamushe, Michael Thonet, shi ya shahara da wannan aiki a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. A 1859 ya fitar da kujera mai lamba 14, guntayen katako 6 kacal, haɗe da sukurori.

Ku fara da zaɓen itace. A nemi mai miƙaƙƙiyar jijiya, marar ƙulli, wanda bai bushe ƙarau ba. Maɗaci yana da kyau a ido, amma ba ya son lanƙwasa. Kowane itace kuka samu, ku gwada siririn yanki tukuna.

Sai akwatin tururi: dogon akwatin katako mai murfi, a haɗa shi da tukunyar ruwa ta hanyar tiyo. Kamar madambaci yake, tururi ke aikin, ruwa ba ya taɓa katakon. A huda ƙaramin rami a ƙasa don ruwa ya tsiyaye. Kada a toshe akwatin ruf, yana iya fashewa. Katako mai kaurin santimita 2 da rabi yana buƙatar awa 1 cikin tururi, kuma kada wuta ta ja baya.

A nan ne masu koyo suka fi yin asara. Da zarar an zaro katako, ya fara hucewa, minti 1 ko 2 ne kawai a hannunku. Don haka tun kafin a hura wuta a kafe katakon siffa (wato wanda za a tanƙwara katakon a jikinsa) a kan benci, a ajiye igiya da abin matsewa kusa, a kira mataimaki. A sa safar hannu, tururi ya fi tafasasshen ruwa ƙuna. A shimfiɗa siririn ƙarfe a bayan katakon, a riƙe shi gam baki da baki, don ta baya yake tsagewa. A tanƙwara a hankali, ba tsayawa, a ɗaure.

A bar shi ɗaure a inuwa aƙalla mako guda. Rana da iskar hunturu suna tsattsaga shi. Bayan an kwance yakan ɗan buɗe, shi ya sa ake yanka katakon siffa ya ɗara gwiwar da ake so kaɗan.

Aikin gida: katako mai kaurin santimita 5, awa nawa zai yi a tururi? Ku rubuta amsar a littafinku.