Yadda za ki sa a duba ko jini da iska na isa wurin jariri ta mabiyiya, in ciki ya zo da matsala

Mata da yawa a nan Yamai in an ce su je eko abin da ke ransu shi ne namiji ne ko mace, da kwanciyar ɗa. To amma in kina da hawan jini ko sajfam ta auna cikin ta ce bai kai girman watanninsa ba, abin dubawa shi ne mabiyiya, don jariri ba ya numfashi da huhunsa a ciki, iskar oksijan daga jininki take ƙetarawa zuwa nasa ta cikin mabiyiya ba tare da jinin biyu sun gauraya ba, sannan ta bi cibiya.

Hoton da ke nuna yawan oksijan ɗin mabiyiya kai tsaye akwai shi. Da injin IRM ake yi, wato babban injin da ke ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, a sa wa mai ciki abin shaƙar oksijan a hanci a ga yadda mabiyiyar ke ɗauka, mai lafiya ta ɗauka da sauri ko'ina, mai rauni ta ɗauka a hankali wani wuri ma bai samu ba. Cibiyar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta buɗe babban shiri kan mabiyiya a 2014. Akwai wata dabara kuma ta hasken leza da sauti da aka fi gwadawa kan ɓeraye. Duk wannan aikin masu bincike ne har yanzu, ko a Faransa ba awon kullum ba ne, don haka kar ki wahalar da maigida da neman shi. Abin da ke hannunmu shi ne eko mai Doppler, shi gudun jini yake aunawa, kuma daga gudun ne lokotoro ke gane ko jariri na samun abin da ya ishe shi.

Ki fara daga wurin awo, CSI ɗin unguwarku. Ki sa ido a kan abin da aka rubuta a karne. Tansiyo 14/9 ko sama bayan sati 20, musamman in an ga albumin (wani furotin na jini) a fitsari, wannan ba na "ki rage gishiri ki dawo wata mai zuwa" ba ne. In ya kai 16/11 kuwa ranar nan za a tafi maternite. Sauran waɗanda ya kamata su nemi a yi musu Doppler: mai tagwaye, mai ciwon suga, mai sikila, wadda ta taɓa jijjiga ko ta haifi ɗa ba rai, da wadda motsin cikinta ya ragu.

Ki ce wa sajfam, "Madam don Allah a rubuta mini eko da Doppler." Ki tabbata kalmar na kan takardar, don in babu ita eko na kullum za a yi miki a sallame ki. Kafin a biya kuɗi maigida ya tambaya ko injinsu na yi kuma akwai mai karantawa, ba kowane kilinik ba ne. Masu ciki mai haɗari dama Maternite Issaka Gazoby ake tura su. Ki riƙe eko ɗin farko da kika yi, shi ke faɗin ainihin satin cikin, in babu shi da wuya a bambance ƙaramin jariri da kuskuren lissafin wata. Shi ya sa OMS, Hukumar Lafiya ta Duniya, ta ce a yi eko ɗaya kafin sati 24.

Ba zafi, ba allura. Za ki ga ja da shuɗi a allo, kar hankalinki ya tashi, mutane na ɗauka ja jini mai kyau ne shuɗi marar iska, a'a, launin na nuna inda jini ya nufa ne kawai. Ana duba jijiyoyin mahaifa, da na cibiya, wani lokaci da wata jijiya ta cikin kan jariri, don in iska ta yi masa ƙaranci jikinsa kan karkata jini zuwa ƙwaƙwalwa.

Takardar da Faransanci za ta fito. RCIU na nufin jariri bai girma yadda ya kamata ba. Oligoamnios ruwan ciki ne ya yi kaɗan. In kika ga diastole nulle ko reverse flow, jinin cibiya na tsayawa ko ma yana komawa baya tsakanin bugun zuciya, wannan takarda ba ta kwana a gida, a kai wa lokotoro ranar. Kuma in sakamako ya yi kyau yau ba shi ke nan ba, a bi randebu, abin na canzawa cikin sati ɗaya ko biyu.

Babu maganin da ke gyara mabiyiyar da ta gaji, ni dai duk mai sayar miki da jiƙo a kan haka kuɗinki yake so. Abin da ake yi shi ne a sauke tansiyo, a ba da allurar manyeziyom don hana jijjiga, in cikin bai kai sati 34 ba a yi allurar da ke nunar da huhun jariri, sannan a zaɓi ranar haihuwa ko da ta tiyata ce. Inna da uwar miji su yi haƙuri in an ce a ciro shi kafin wata tara, wani lokaci waje ya fi masa ciki.

Palu na lafewa a mabiyiya ko ba kya jin zazzaɓi, don haka ki sha Fansidar ɗin awo daga wata na 4, sau 3 aƙalla da tazarar wata, ki kwana cikin sange, ki sha ƙwayar ƙarin jini. Asfirin ƙarami sai lokotoro ya rubuta. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska, ciwo a bakin ciki, zubar jini ko jariri ya yi shiru, kar a tsaya neman eko ko jiran gari ya waye, a nemi mota zuwa maternite da karne a hannu.