Yadda Za Ka Cike Shafinka a Kasuwar Murya ta Intanet Har Masu Aiki Su Neme Ka

A Kantin Kwari gani ya kori ji: mai saye zai ɗaga atamfa, ya murza, ya duba zane, sannan ya taya. A kasuwar murya kuwa abin juyawa ya yi, ji ne ya kori gani. Wanda yake neman mai karanta masa talla ko mai ɗora murya a kan bidiyo yana zaune ne a Landan ko Nairobi ko Legas, galibi ko "sannu" bai sani ba da Hausa, ga muryoyi jere a gabansa, kuma ba shi da lokacin da zai saurari kowa har ƙarshe. Shafinka shi ne rumfarka, kai kuma ba ka nan balle ka yi masa bayani. Saboda haka duk gurbin da za ka cike, ka cike shi da wannan baƙon a ranka.

Zaɓi rumfa ɗaya ko biyu

Dandalan ba iri ɗaya ba ne. Voices.com na ƙasar Kanada da Voice123 na murya ne zalla, ana buɗe shafi kyauta, amma mai biyan kuɗin shekara ya fi samun gayyatar gwaji. Bodalgo na Jamus sai sun saurari samfurinka sun yarda kafin su karɓe ka. Fiverr da Upwork kuwa kasuwa ce ta kowa da kowa, har da masu zane da masu fassara, kuma nan ne ya fi wa mai farawa sauƙin shiga. ACX, inda ake ɗaukar masu karanta littattafan sauraro na kamfanin Audible, na mazauna Amurka da Birtaniya da Kanada da Ailan ne kaɗai, don haka in a Kano ko Maraɗi kake, kada ka ɓata lokacinka a kansa. Shawarata ita ce ka fara da na kyauta, ka ga irin aikin Hausar da ke shigowa na 'yan watanni kafin ka ciro dala ka biya kuɗin shekara.

Samfurin murya kafin komai

Mutane da yawa suna fara rubuta tarihinsu, su bar samfur sai daga baya. Baibai ke nan. Kada ka buɗe shafin ma sai samfuranka sun kammala, domin su ne hajar, sauran duk kwalliyar rumfa ce.

Samfur ɗaya kada ya wuce minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma abin da ka fi ƙwarewa a kai shi zai zo a daƙiƙun farko. Ban da doguwar sallama, ban da "sunana wane, ina yi muku barka da wannan lokaci". Wannan ladabin gidan rediyo ne, amma a nan kafin ka gama gaisuwa mai sauraro ya wuce rumfa ta gaba. Ka raba su kashi-kashi: na talla daban, na bayanin bidiyo da shirye-shiryen wayar da kai daban, na amsa waya daban (irin muryar nan mai cewa a danna lamba kaza domin Hausa), na wasan kwaikwayo ko zanen yara daban. Wanda ke neman murya mai natsuwa don saƙon rigakafi ba ya son ya ratsa ta cikin ihun tallan lemo kafin ya same ta.

Rubutun da za ka karanta, ka ƙirƙiro abinka da sunan kayan da babu su. Kada ka kwaikwayi tallar wani kamfani ka sa kamar kai aka bai wa aikin, kada kuma ka shimfiɗa waƙar wani a ƙarƙashin muryarka. In za ka sa kiɗa, ka nemi wanda aka halatta amfani da shi, ka kuma yi ƙasa da shi sosai. A kowane hali ka ajiye samfur ɗaya tsurarsa, babu kiɗa babu komai, domin masu saye da yawa suna son su ji yadda ɗakinka yake.

Ɗakin nan kuwa shi ne inda yawancinmu muke faɗuwa, ba murya ba. Bangon siminti da tayil suna mayar da amsa-kuwwa, fanka tana gurnani, janareton maƙwabci yana ta nasa, ga babura da awaki da zakara. Kunnenka ya saba da su har ba ka ji, amma makirufo ba ya yi wa kowa kara. Magani mai araha shi ne ƙaramin wuri mai kaya masu laushi: gaban durowar tufafi a buɗe, katifa a jingine da bango, bargo a rataye ta bayanka, darduma a ƙasa. Ka kashe fanka, ka daure zafin na 'yan mintoci. Ka san lokacin da unguwarku take yin tsit, galibi can bayan Isha'i da dare ya yi nisa, ka kuma lissafa lokutan kiran salla. Ka bar tazarar santimita 15 zuwa 20 tsakanin bakinka da makirufo, da 'yar ragar nan mai tare iska, domin haruffa irin su b da f da ƙ da ts suna dukan makirufo da ƙarfi. Manhajar naɗar murya ta Audacity kyauta ce kuma ta isa. Ma'aunin da ACX ya gindaya ya zama abin kwatance ko ga wanda ba ya aiki da su: ƙarar ɗaki in ka yi shiru kada ta haura -60 dB (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne), ƙololuwar muryarka kuma kada ta wuce -3 dB. Ka naɗi shirun ɗakinka na daƙiƙa goma ka duba.

Kanun shafi da gurbin harshe

A nan ne Bahaushe yake da abin da dubban masu karanta Turanci ba su da shi, kuma a nan ne wasu suke zubar da shi. Sai ka ga mutum ya rubuta cewa yana karanta Turancin Amurka da na Ingila, ya tura Hausa can ƙarshe kamar abin kunya. Ka je ka yi gasa da haifaffen Landan a harshen uwarsa? Kalmar "Hausa" ita ce ta farko a kanun shafinka, ita ce a sunan kowane samfur, ita ce a kalmomin bincike. Masu saye ba sa bin shafuka ɗaya bayan ɗaya, tacewa suke yi: harshe, jinsi, shekarun murya, irin aiki. Gurbin da ka bari fayau, tamkar ka cire kanka ne daga sakamakon. A Fiverr kanun haja ba ya wuce haruffa 80, kalmomin bincike kuma biyar ne kacal, don haka babu wurin kirari. In kana karanta Turanci ko Faransanci, ka sa shi, amma ka faɗi gaskiya cewa da lafazin Najeriya ne ko na Nijar. Akwai masu neman wannan lafazin takamaimai.

Sannan ka faɗi karin harshenka. Daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina bisa Kananci, ita ce aka fi nema, ita ce kuma kunne ya saba ji a sassan Hausa na BBC da DW da Muryar Amurka. Amma ƙungiyar da ke shirya saƙo don ƙauyukan Sakkwato ko Tawa ba ta rasa bukatar mai cewa "tahi" maimakon "tafi". Wanda zai karanta talla don Damagaram ya kamata ya san "lakwal" ake ce wa makarantar boko, kuma kuɗi da dala ake ƙirga shi, ba ta Amurka ba, sefa 100 ita ce dala ashirin. In ka iya wannan, ka rubuta shi ɓaro-ɓaro. In ba ka iya ba, kada ka yi da'awa. Mai saye ba ya jin Hausa, amma yana da wanda zai saurara masa.

Gurbin shekaru na murya ne, ba na takardar haihuwa ba. Mai shekara arba'in na iya yin sautin saurayi, wata budurwa kuma muryarta ta uwa ce. Ka sa mutum biyu ko uku waɗanda ba sa jin nauyinka su saurara, su faɗa maka abin da suka ji. Daga bakinsu za ka samo siffofi uku ko huɗu: mai kauri, mai taushi, mai kamala, mai barkwanci. Kada ka zaɓi duk siffofin da ke jerin, taura biyu ba ta taunuwa.

Bayanin kai

Da Turanci ko Faransanci za ka rubuta shi, tunda mai karantawa ba Bahaushe ba ne, kuma ka ba wani ya duba maka kuskure. Layi na farko ya amsa tambayar mai saye: me za ka yi masa, cikin kwana nawa. Tarihin makarantun da ka yi tun daga firamare ba shi da gurbi. Abin da ke da amfani shi ne aikin rediyo ko talabijin, wasan kwaikwayo na dandamali, sanarwa a taro, ɗora murya a fassarar finafinan Indiya, koyarwa. Sunan kamfanin da ka yi wa aiki kuwa sai da izininsu.

Akwai wata baiwa da ya kamata ka ambata. Rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali: "gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, haka "wuya" da "kuka", kowacce ma'ana biyu gare ta. Sau da yawa kuma rubutun da za a turo maka inji ne ya fassara shi, babu ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, jimlolin kuma Turanci ne sanye da babbar riga. Ka rubuta cewa kana duba rubutu kafin ka karanta, kana kuma gyara fassara da kuɗinta daban. Mai saye da aka taɓa kunyatawa a gaban masu sauraro ya san darajar wannan layin.

Kayan aiki ka faɗe su da sunansu: wane makirufo, misali Audio-Technica AT2020 ko Samson Q2U, wace manhaja, da irin fayil ɗin da kake bayarwa. WAV mai 48 kHz shi masu bidiyo suka fi so, MP3 kuma don samfur. Hoto ɗaya na fuska, mai haske, kai kaɗai. Ba wanda aka yanko daga hoton biki da kafaɗar ango a gefe ba.

Farashi, lokaci da sharaɗi

Kafin ka sa farashi ka auna kanka da agogo. Mai karanta Turanci yakan yi kalma 150 a minti ɗaya, amma fassarar Hausa takan fi asalin tsawo, shi ya sa tallar daƙiƙa 30 takan ƙi shiga. Ka yanke kuɗinka bisa adadin kalmomi ko mintoci, ka faɗi sau nawa za ka sake karatu kyauta, ka kuma bambanta gyaran kuskurenka da sauyin da mai rubutu ya yi daga baya. Ka tuna Fiverr na cire kashi 20 cikin ɗari, sauran kuma sai ya yi kwana 14 kafin ka iya fitar da shi. Karya farashi ƙasa warwas ba ya jawo kwastoman kirki. Araha ba ta ado.

Lokacin miƙa aiki ka ƙara masa rata. In kana iya gamawa a yini ɗaya, rubuta biyu, saboda ranar da za a ɗauke wuta ko sabis ya gudu. Jinkiri ɗaya yana zama tabo a taurarin yabon da masu saye ke ba shafinka na tsawon lokaci.

Sai batun inda za a yi amfani da muryar. Bidiyon cikin ofis da tallar da za ta shekara tana yawo a gidajen rediyo ba kuɗinsu ɗaya ba, don haka ka tambayi wuri da tsawon lokaci. Yanzu kuma ga kamfanonin da ke sayen sa'o'in magana don horar da ƙirƙirarriyar basira, kuma harsuna irin Hausa suna cikin waɗanda ake nema. Wannan batu na cikin abubuwan da suka sa ƙungiyar 'yan wasan Amurka, SAG-AFTRA, ta shiga yajin aiki a 2023. Ba na cewa ka ƙi irin wannan aiki, amma ka rubuta a shafinka cewa kwaikwayon muryarka da inji ko horar da inji da ita sai da yarjejeniya ta daban a rubuce.

Abin da ya rage na takardu ne. Sunan da ke shafinka ya dace da na katin shaidarka ko fasfo, ya kuma dace da na asusun karɓar kuɗi irin Payoneer, harafi da harafi. Wanda yake Muhammad a nan, Mohammed a can, zai sha zirga-zirga kafin kuɗinsa su fito. In aka turo maka fom ɗin harajin Amurka mai suna W-8BEN, kada gabanka ya faɗi, shaida ce kawai cewa kai ba ɗan Amurka ba ne kuma ba mazaunin can ba. Da ka gama, ka buɗe shafin a wayar wani, ka sa abin ji a kunne, ka danna kowane samfur ka tabbatar yana tashi. Bayan wata uku ka dawo ka duba wanne aka fi saurara, ka matso da shi sama, ka sauke wanda ba kowa a kansa.